Kular Duna a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Kakangi ba, ranar da na zauna gaban surukan ƙanena cikin babbar rigar da ta fi kowace kyau a akwatina, na buɗe baki da kaina na ce a karanta takardar da ta kusa wargaza auren da na je karɓa. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Amma bari in fara da kare, don ba za a gane komai ba sai an san shi.

Sunansa Duna. Baƙi ne wuluk, dogo, mai siririn ƙugu irin na karnukan farauta, kunnensa na hagu a yage. Na mahaifinmu ne. Baba manomi ne kuma maharbi, gonarmu tana wajen Kusasu, a bakin daji. Wata damina ana tsakiyar noma da hantsi, sai Duna ya tashi daga inuwa ya tsaya yana fuskantar daji, gashin bayansa a miƙe, yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Baba ya san karensa. Ya ce wa masu taya shi aiki kowa ya ajiye fartanya ya bi rafi. Ba su yi nisa ba suka ji ƙarar babura a inda suka baro. Duk wanda ya zauna a yankinmu ya san abin da wannan ke nufi: 'yan bindiga. Ba a taɓa ko mutum ɗaya ba a ranar. Bayan haka muka tattara muka dawo cikin garin Birnin Gwari, kuma da ciwon ajali ya kama Baba, cikin abin da ya ce mini har da wannan: "Ka riƙe Nura, ka riƙe Duna." Nura shi ne autanmu. (Nura ya fara ambata. Ina so a shaida wannan, don akwai masu cewa ni na juya jerin.)

Da farko na ɗauka riƙon kare ba wani aiki ba ne: ragowar tuwo, ƙanzo, ƙashin miya. Cikin wata biyu Duna ya zama abin tausayi. Gashi na zuba, jiki duk ƙuraje, yana susa har jini, ga zawo. Na kai shi wurin malamin dabbobi, ya tambaye ni abin da Baba ke ba shi. Na ce abin da suka samo a daji, ɗanye. Ya ce to in mayar da shi kan abin da cikinsa ya saba, amma da sharaɗi: nama mai kyau ba mushe ba, a ajiye shi cikin sanyi, a riƙa ba shi maganin tsutsa a kan lokaci, kuma kada in kuskura in ba shi dafaffen ƙashi, don yana tsagewa ya soki hanji.

Ni malamin firamare ne, kuma malami idan ya samu doka, jadawali yake mayar da ita. Na ƙulla zumunci da wani mahauci a kasuwa, yana ajiye mini huhu, tumbi, maƙogwaro da guntun hanta. Masu fige kaji suna tara mini ƙafa da wuya. Wuƙar Duna daban, katakon yankansa daban, kwanonsa daban, can bayan gida kusa da garka, nesa da inda ake alwala da salla. Wutar lantarkinmu kuwa kun san halinta, don haka ni da mai ƙanƙarar bakin tasha muka zama kamar 'yan uwa. Kafin shekara ta zagayo Duna ya murmure, gashinsa na sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Idan na fita da shi da yamma, tsofaffin maharba sukan tsayar da ni su ce, "Malam, wannan ba karen marigayi ba ne? Ai ya fi da kyau." Sai in ji kaina ya kumbura. A ofishin malamai kuwa, da zarar na ce "Jiya Duna," sai in ga kowa ya tuna yana da aji.

Matata, Maman Hafsa, ta taɓa ce mini, "Malam, da za ka lura da hawan jininka rabin yadda kake lura da kashin karen nan, da 'yan asibiti sun manta fuskarka." Na ce mata ba ta san kimiyya ba.

To, ana nan sai auren Nura ya taso. Nura tela ne, yaro mai kunya, wanda idan ka yi masa magana sai ya amsa wa ƙasa. Ya haɗu da Rukayya lokacin da iyayenta suka yi zaman gudun hijira a unguwarmu, kuma da aka samu ɗan sauƙi suka koma garinsu Kakangi. Ni ne wakilin ango, tunda babu Baba. Aka tsara mu tafi ranar Alhamis da safe, a ɗaura aure Juma'a, mu dawo da amarya Asabar, don hanyar nan ko da ta yi sauƙi ba a binta idan rana ta karkata. Duk gidan za mu tafi. Sai tambaya ta taso: Duna fa?

Ba a kai kare gidan surukai, wannan ko ni na sani. Maƙwabtana kuwa mutanen kirki ne, amma da na fara bayanin ɗanyen huhu sai kowa ya ce yana da tafiya. Wanda ya cece ni shi ne Mista Bulus, malamin lissafi a makarantarmu, mutumin kudancin Kaduna da ya fi wasunmu daɗewa a garin. Yana da karnuka biyu, gidansa da katanga, ga firji mai aiki da hasken rana. Ya ce, "Kawo shi, Malam. Kwana biyu ai ba komai ba ne." Na ce sai na rubuto masa ƙa'idoji. Ya ce ba sai na rubuta ba. Na ce sai na rubuta.

Ranar Laraba na yi aiki kamar mai shirya jarrabawa. Na yanka nama, na kasa shi ƙulli-ƙulli a leda, kowanne na liƙa masa takarda: Alhamis yamma, Juma'a safe, Juma'a yamma, Asabar safe, Asabar yamma, da ƙulli guda na ko-ta-kwana. Na jera su a kula, na danna ƙanƙara, na sa takardar ƙa'idoji a leda na liƙa a cikin murfi. A tsakar gida kuma Maman Hafsa da ƙannenta suna ta suyar kaji da dambun nama na gaisuwar surukai. Su ma a kula suka zuba. Ni kuma, da yake ina ji da alƙalamina, na kwana uku ina tsara wata wasiƙa ta girmamawa zuwa ga iyayen amarya, da Hausa mai nauyi da ɗan Larabci nan da can. Ita ma na sa ta a leda na liƙa a cikin murfin kularsu.

Kulolin nan biyu shuɗaye ne, girmansu ɗaya, rana ɗaya na saye su. Na lura da haka, don ni ba sakarai ba ne. Sai na samo jan ƙyalle na ɗaura a hannun ta Duna, na kwanta hankalina kwance.

Da safe gida ya rikice. Direba na ta danna oda a waje, mata na neman mayafi, Nura ya ɓatar da hularsa. Na ba Duna abincinsa na safe, na ɗaura masa igiya, na zo na tsaya a gaban kuloli biyu. Ɗaya da jan ƙyalle, ɗaya babu. Na tuna sarai na ɗaura alama. Abin da na kasa tunawa shi ne, alamar ta wa ce.

Maman Hafsa ta ce, "Ka buɗe ka duba mana."

Na ce, "Ba a buɗe kula ana ɓata sanyi. Ni na shirya abina, na sani."

Sai na yi tunani irin na masu ilimi: wa ake yi wa ado, kare ko suruki? Ai wadda aka ɗaura wa jan ƙyalle ita ce ta gidan biki. Na sa aka saka ta a mota, na ɗora ɗayar a bayan babur ɗin Mista Bulus, wanda ya zo karɓar Duna yana sauri kada ya makara taron safe na makaranta. (Ɗaya fa sanyi ƙalau take har tana gumi, ɗayar kuma ɗumi. Ko tafin hannu na ɗora da na gane. Ban ɗora ba, don na riga na ce na sani.)

Hanya ta yi mana kyau. Mun wuce shingayen jami'an tsaro, mun wuce ƙauyukan da ake sake yi wa rufi, ga masara ta yi kore shar a gonakin da suka shekara biyu ba a taɓa ba. Kowa a motar ya zuba ido yana kallo. Kafin azahar mun isa Kakangi.

Bayan salla aka kai mu zauren mahaifin amarya, Malam Haruna, dattijo mai farin gemu da ƙarancin magana. An shimfiɗa tabarmi, ga 'yan uwansa, ga liman, ga dattawan unguwa, zaure ya cika har waje. Nura ya durƙusa can gefen ƙofa, kansa a ƙasa. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi wa marigayi Baba addu'a. Sai na gyara babbar riga na ce wa Malam Haruna, "Baba, ga ɗan abin da iyali suka yi da hannunsu. Ba yawa, a yi haƙuri." Aka ɗauki kula da jan ƙyallenta aka shiga da ita cikin gida wurin mata.

Ba a jima ba sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Malam Haruna, ta tsaya a ƙofar zaure ta ciki. Tun a Birnin Gwari an gargaɗe ni game da ita: ita ta raini Rukayya, kuma ba ta taɓa yarda cewa tela ya isa ya aure ta ba. Fuskarta a ɗaure, takarda a hannunta.

Ta ce, "Yaya, ga abin da muka gani a cikin kular baƙi. Sai a karanta mana, don mu ba mu gane ba."

Na ce a raina, Hausar ta yi musu nauyi. Aka miƙa takardar ga Kawu Isiyaku, kawun amarya, tsohon magatakardan kotu. Ya sa tabarau, ya duba ta sama-sama, ya dube ni ta saman gilashi.

"Malam, kai ka rubuta wannan?"

"Ni ne, Kawu, da hannuna."

"Kuma kana so a karanta a nan?"

Allah ya ba ni dama ta ƙarshe, na sa ƙafa na shure ta. Na ce, "A karanta kowa ya ji. Duk abin da ke ciki gaskiya ne, daga zuciyata ya fito. Don Allah kada a tsallake ko layi ɗaya."

Kawu ya yi gyaran murya irin ta kotu.

"Yadda za a kula da shi. Ga shi nan na damƙa muku amana. Maraya ne, tun rasuwar mahaifinmu ni nake riƙe da shi, kuma ban taɓa barinsa a hannun wani ba sai yau."

Zaure ya ɗauka, "Allahu Akbar. Allah ya jiƙan Baba." Wani tsoho ya dubi Nura da tausayi. Ni kuwa sai na kasa kunne. Wasiƙata ba haka ta fara ba.

"Na ɗaya. Ɗanyen nama kaɗai yake ci. Kada a dafa, kada a soya, kada a sa gishiri."

Liman ya daina jan carbi.

"Na biyu. Kada a ba shi tuwo, ko da ya zauna yana kallonku da idon tausayi. Ya iya wannan sosai. Tuwo na sa shi zawo da ƙaiƙayi."

Na ce, "Kawu, don Allah..."

Ya ɗaga hannu ba tare da ya dube ni ba. "Kai ka ce kada a tsallake. Na uku. Idan yana cin abinci kada kowa ya matso. Yana gurnani, amma bai taɓa cizon ɗan gida ba."

Nura ya ɗago kai a karon farko tun da muka shigo. Ba zan iya kwatanta kallon da ya yi mini ba. Wallahi na so in yi magana, amma ta ina zan fara? Kowace hanya na duba, kare ne a ƙarshenta.

"Na huɗu. A duba kashinsa kowace safiya. Idan ya yi ruwa-ruwa a rage masa hanta. Na biyar. Kwanonsa daban ne, kada a haɗa da na mutane, a wanke da ruwan zafi. An ba shi maganin tsutsa makon jiya."

A waje wani ya fara tari irin na mai danne dariya. A cikin zaure kuwa ba mai dariya. Kawu ya juya takarda, don har bayanta na cika.

"Na shida. Da rana a ɗaure shi a inuwa. Idan kuka ga ya matsa yana son fita, kada ku bari. Akwai wata a bayan layinmu da yake bi, mun yi mun yi ya ƙi rabuwa da ita."

Nan Gwaggo Asabe ta saki salati. "Kun ji ko! Kun ji da kunnenku! Yayansa ne ya rubuta, ba ni ba!" Ta juya ta jawo kular har tsakiyar zaure, ta buɗe murfi. Ga ƙafafun kaji sun miƙe ta cikin leda, ga huhu, ga tumbi, ga ƙanƙara ta fara narkewa cikin jini-jini, kuma a saman kowane ƙulli ga kyakkyawan rubutuna: Juma'a safe, Juma'a yamma. "Wannan 'yata za ta riƙa ba miji? Ba za a ɗaura ba sai an gaya mini wace ce ta bayan layi!"

Nura ya ce da wata siririyar murya, "Wallahi Gwaggo ina cin tuwo."

Wannan maganar ce ta kwance mini harshe. Na sauko daga kan tabarma na durƙusa a ƙasa, babbar riga da komai. Na ce, "Baba, Gwaggo, ku yafe mini. Takardar nan ba ta Nura ba ce. Ta karenmu ce. Kuloli biyu ne iri ɗaya, ni na musanya su da hannuna. Kajinku suna can Birnin Gwari."

Na ɗauka za a fashe da dariya a wuce wurin. Ba a yi ba. Wani ƙanen Malam Haruna ya miƙe tsaye, ya ce, "Wato abincin kare kuka ɗauko tun daga Birni kuka kawo mana gaisuwa? A gaban liman?" Wasu suka ce a yi haƙuri, wasu suka ce ai wannan raini ne. Na ga auren yaron nan yana zamewa daga hannuna, a kan jan ƙyalle.

Sai da hayaniya ta lafa Malam Haruna ya miƙa hannu, Kawu ya ba shi takardar. Bai iya boko ba, amma ya juya ta gaba da baya yana kallon yawan rubutun.

"Malam, karen na wa ne?"

"Na mahaifinmu ne, Baba. Shi ya bar mini."

"Shekara nawa kana yi masa wannan hidima?"

"Huɗu."

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

"Kai kake zuwa kasuwa, kai kake yankawa, kai kake duba abin nan da aka ce ana dubawa da safe?"

Na sunkuyar da kai na ce ni ne.

Ya ninke takardar a hankali ya ce, "Asabe, mun ga mutanen da suka gudu suka bar shanunsu, mun ga waɗanda suka bar tsofaffinsu, ba don suna so ba. Wannan uba ya bar masa kare, ya shekara huɗu yana wanke masa kwano. Gidan da ake riƙe amanar dabba haka, ba na tsoron kai 'yata." Sannan ya juya wajen ƙofa. "Amma Nura, tunda an taso da maganar, kai ma babu wata a bayan layi ko?"

Nura ya ce, "Wallahi babu, Baba," da ƙarfin da ban taɓa jin ya yi magana da shi ba.

Liman ne ya fara. Dariya ta kama shi har carbi ya faɗi. Daga nan zaure ya ɓarke, na waje suka ɗauka, can cikin gida muka ji mata sun kwashe, don ashe duk suna bayan ƙofa. Kawu Isiyaku ya cire tabarau yana share hawaye. (Daga baya ya gaya mini tun layi na biyu ya gane kare ne. Na ce to me ya sa bai tsaya ba? Ya ce a kotu ba a tsayawa a tsakiyar takarda.) Gwaggo Asabe kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta rufe kular da ƙafa ta ce a fitar mata da ita daga gida.

Hankalina bai kwanta ba duk da haka, don idan naman Duna na Kakangi, to me Duna zai ci? Aka nuna mini wani tudu bayan makarantar garin, inda waya ke kamawa idan ka ɗaga ta sama ka juya gabas. Bayan la'asar na hau, na samu Mista Bulus.

Da jin muryata ya ce, "Zuwa ga surukanmu masu daraja, waɗanda Allah ya ɗaukaka gidansu da mutunci!" Yana dariya har numfashinsa na ɗaukewa. "Malam, na karanta wa Duna duka. Ya ji daɗi ƙwarai, ya kaɗa wutsiya."

Na ce, "Mista Bulus, don girman Allah, ba ka ba shi soyayyar kaza ba ko? Ƙashin..."

"Yana tsagewa ya soki hanji. Na sani. Na je wurin mahaucinka na karɓo huhu da tumbi, hanta kaɗan, ba gishiri, kwanonsa daban."

"Amma takardar tana nan wurina. Ya aka yi ka sani?"

"Malam, shekara huɗu kana faɗa mana a ofis. Ko mai shara ta haddace."

Na sauko daga tudun nan ban san ko in ji kunya ko in ji daɗi ba. Na zaɓi daɗi.

Saura naman. Lafiyarsa ƙalau, yankan jiya ne, amma ba mai dafa shi a Kakangi bayan abin da aka ji. Sai aka ce a ba 'yan sa-kan garin, masu gadi da karnuka. Da mutum mai hankali ne, da ya miƙa kular ya koma masauki. Ni kuwa na tsaya na raba da hannuna, ina bayanin yawan hantar da ta dace, har na ce a ajiye rabi sai da safe. Da safen ma ni na je na bayar. Sakamakon haka, ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ina zaune a gaban jama'a ina karɓar wa Nura aure, ina cewa "Na karɓa" da murya mai nauyi, sai ga karnuka uku sun zauna a jere can bakin fili, ba sa kallon kowa sai ni. Wani daga baya ya ce, "Ga dangin ango can sun iso." Ko maroƙi sai da ya rasa abin faɗa.

An ɗaura aure lafiya. Kular gaskiya kuwa ta iso tun kafin azahar, Mista Bulus ya ba wani direba. Cinya biyu ba sa ciki, ya aiko cewa ya ɗanɗana ne don ya tabbatar ba su lalace ba. Gwaggo Asabe ta buɗe da kanta, ta shinshina, ta ɗebi dambu ta sa a baki, ta tauna ta daɗe. Ta ce, "Matarka ta iya girki. Ita ce mai hankalin gidan." Aka kawo wasiƙata ta girmamawa, wadda na kwana uku a kanta. Kawu ya tambaya ko a karanta. Jama'a suka ce a bar ta, ba za ta kai ta jiya daɗi ba.

Ranar Asabar muka dawo da amarya. Na tarar da Duna kwance a inuwar mangwaron Mista Bulus, cikinsa fal, kashinsa yadda ake so (na duba). Maman Hafsa ba ta ce mini komai ba a kan maganar, ko kalma ɗaya, kuma duk mai aure ya san wannan ya fi zagi ciwo. Nura ya yi mako biyu ba ya haɗa ido da ni. Har yanzu idan ya je gaisuwa Kakangi aka kawo tuwo, sai wani ya tambaya ko yana ci.

Abin da na koya ba mai zurfi ba ne, amma na saye shi da mutuncina, don haka ga shi kyauta. Idan za ka rubuta takarda a kan wani, mutum ne ko dabba, ka sa sunansa a layin farko da manyan baƙaƙe. Idan matarka ta ce ka buɗe ka duba, ka buɗe ka duba. Idan kuma tsohon magatakardan kotu ya dube ka ta saman tabarau ya tambaya ko ka tabbata a karanta, to ba tambaya yake yi ba, taimakonka yake.

Amma fa a faɗi gaskiya: Kawu Isiyaku ya ce duk tsawon aikinsa bai taɓa karanta takarda mai tsari kamar tawa ba, babu kuskuren rubutu ko ɗaya. Ya ce matsalarta guda ce kawai, ta zo gidan da ba nata ba.